Fim a kan marainiyar ƙauye da ta kai baffanta kotu

Tambaya: Malam, labarin fim nake rubutawa. Marainiya ce a ƙauye, baffanta ya riƙe gonar da ta gada, yana so ya haɗa ta da ɗansa don kada gonar ta bar gida. Ta ƙi, ta kai shi gaban alƙali, a ƙarshe ta ɗaura wa kanta aure da wanda take so. An ce ina koya wa 'yan mata saɓa wa iyaye. Ya halatta?

Amsa: 'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Kalma ɗaya na riƙe a tambayarki, ita ce baffa. Ko a Risala, inda aka ba uba damar aurar da budurwa ba da izininta ba, ba a ba baffa wannan dama ba, sai ta yarda. Gadon mace kuwa, Suratun Nisa'i ta rufe magana. Al'ada yarinyarki ke yaƙa, shari'a na bayanta.

Masu cewa kai babba kotu saɓa wa iyaye ne, sun haɗa kunya da hukunci. Khansa'u bint Khidham mahaifinta ne ya aurar da ita tana bazawara ba ta so, ta je wurin Annabi (SAW), ya warware auren. Ma'anu ɗan Yazidu ya kai mahaifinsa ƙara wurin Annabi (SAW) a kan wasu dinare na sadaka da ya ɗauka, aka saurare shi, aka ce abin da ya ɗauka nasa ne. Duka biyun suna cikin Buhari. In an saurari ƙarar da aka kai uba, ina ga baffa mai cin gonar marainiya? Abin da aka hana shi ne zagi da tozartawa. Wannan shirun da muke yabo, shi ya bar mata da yawa a karkara suna ƙwadago a gonar ubansu.

Ƙarshen labarin ne sai kin gyara. A mazhabarmu ta Malikiyya mace ba ta ɗaura wa kanta aure. Waliyyi in ya ƙi don son zuciya, alƙali ke ɗaurawa, ga shi kuwa kin riga kin shigo da shi cikin labarin.

Ki kula da wurin ɗauka: ban da taɓa jiki, ban da keɓewa, kada kuma furodusa ya cusa miki rawa wai don kasuwa. Shaidar Hukumar Tace Fina-finai ba fatawa ba ce.

Yadda kika kawo maganar gonar ya sa na yi zaton labarin gidanku ne. In haka ne, ki sauya sunan gari da na mutane, kuma mai haƙƙin ta je kotun gaske tun shaidu na raye. Allah ne Mafi sani.