Shiga mahaƙar gishiri ta ƙarƙashin ƙasa: likita ya amsa tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon sun zo ne daga masu karatu na Gombe da Bauchi da ke shirin tafiya waje, kuma ziyartar tsohuwar mahaƙar gishiri na cikin shirinsu. Yawancinsu Wieliczka suka nufa, wadda ke kusa da birnin Krakow a ƙasar Poland. An fara haƙar gishiri a nan tun ƙarni na 13, aka daina haƙa don kasuwanci a 1996, kuma tun 1978 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Zurfinta ya kai mita 327, amma mai yawon buɗe ido ba ya wuce mita 135. Hanyar tana da tsawon kilomita 3.5 da matakala kusan 800, ana shafe awa 2 zuwa 3 a ciki, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora.

Tambaya: Likita, ɗana yana karatu a Poland, ya ce zai kai ni wannan ramin gishiri idan na je bikin kammala karatunsa. Shekarata 63, ina da hawan jini, an hana ni gishiri. Shaƙar iskar wurin ba za ta tayar mini da jini ba? Daga wani dattijo, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Baba, Allah ya sanya alheri a karatun yaro. Ka kwantar da hankalinka game da iskar. Gishirin da ke tayar da jini shi ne wanda ya bi ta baki ya shiga ciki. Abin da hanci zai kwasa cikin awa 3 bai kai ko kusa da abin da ke cikin dunƙulen magi ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma abincin can, musamman naman gwangwani, cuku da miyar gidan abinci, shi zai fi saurin tsallakar da kai wannan iyaka.

Abin da ya fi damuna shi ne matakalar. Da shigarka za ka sauka guda 380 a jere, ka kai zurfin mita 64, daidai da saukowa daga bene mai hawa 20. Matakalar katako ce mai kewayawa, da mutane gaba da baya, saboda haka jiri na kama wasu. Sauran 400 da ɗoriya suna warwatse a kan hanya. Fitowa kuwa da lif ake yi.

Tun makonni 4 kafin tafiya ka gwada kanka. Ka yi tafiyar minti 45 ba tsayawa, ka kuma hau bene hawa biyu. In ka ji nauyi ko zafi a ƙirji, ko numfashi ya gagara har ba ka iya magana, ko zuciya na bugawa ba bisa tsari ba, to ka ga likitanka a yi maka awon zuciya kafin ka sayi tikitin shiga. Ka riƙa auna jini safe da yamma na mako guda kana rubutawa. Wanda jininsa ke ƙasa da 140 bisa 90 da magani, ya shiga ba fargaba. In ya kai 180 bisa 110, a ɗage ziyarar, a gyara magani tukuna. Ranar shiga ka sha maganinka na safe kamar kullum. In akwai mai sa fitsari a ciki, ka nemi tikitin bayan azahar, domin sai an yi tafiyar kusan minti 40 kafin a kai banɗaki na farko. Kada ka bar shan maganin don gudun fitsari.

Tambaya: 'Yata mai shekara 19 tana fama da asma, hunturu na wahalar da ita ƙwarai. Na ji an ce kwana a ramin gishiri na warkar da ita gaba ɗaya. In gaskiya ne zan sayar da fili in kai ta. Daga wata uwa, Azare.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki sayar da filinki. Maganar tana da asali, zan faɗa miki shi. A ƙarni na 19 wani likitan mahaƙar Wieliczka mai suna Feliks Boczkowski ya lura masu haƙar gishiri ba su cika ciwon huhu kamar sauran masu aikin ma'adinai ba. Daga nan aka fara kai masu ciwon numfashi, kuma har yau akwai wurin jinya a zurfin mita 135. Sai dai da masana na cibiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, suka tattara binciken da aka yi kan wannan hanya a 2001, sun tarar ƙananan gwaje-gwaje ne ƙalilan, ba su isa a ce tana magani ba.

Sauƙin da mai asma ke ji a ƙasa gaskiya ne, kuma dalilinsa a fili yake. Babu ƙura, babu hayaƙin mota ko na itace, babu ƙurar furanni, iskar na da danshi, sanyinta ba ya hawa ba ya sauka. Da zarar ta dawo Azare ta haɗu da hazon Disamba, hanyoyin numfashinta za su koma yadda suke, domin kumburin da ke cikinsu bai tafi ko'ina ba. Abin da ke kwantar da wannan kumburi shi ne inhela ta rigakafi mai sinadarin sitiroyid, irin su beclometasone ko budesonide, da ake shaƙa kullum ko da lafiya lau, a kurkure baki bayan an gama. Yawancin masu asma a wajenmu shuɗiyar inhela ta salbutamol kaɗai suka sani, wadda buɗe hanya take yi na awa 4 zuwa 6. In 'yarki na buƙatar shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinta cikin dare, asmarta ba ta kwanta ba, kuma kuɗin inhelar rigakafi na shekara bai kama ƙafar kuɗin jirgi ba.

Mai asma da zai shiga don kallo kawai, ya sa shuɗiyar a aljihu, kada ya bar ta a jakar da aka ajiye a sama. In motsa jiki na tayar masa, ya shaƙi biyu minti 15 kafin sauka. In asmar ta tashi a ƙasa, ya zauna a miƙe, ya shaƙi ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60 har zuwa 10, a sanar da ɗan jagora nan take. Wanda asmarsa ta kwantar da shi a asibiti cikin makonnin da suka gabata ya haƙura.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 12 sikila ne. An ce a ƙarƙashin ƙasa iska ba ta isa. Zai iya shiga? Daga wani malamin jami'a, Bauchi.

Amsa: Malam, wannan tambaya ta fi kowacce bukatar natsuwa. Ƙarancin iskar oksijin matsalar hawa sama ce. Mai sauka mita 135 a mahaƙar da ake busa wa iska da injina ba ya rasa oksijin. Inda yaron zai gamu da raguwarta shi ne cikin jirgi, domin iskar ɗakin fasinja na iya zama daidai da ta tsauni mai tsayin mita 2,400. Saboda haka jirgin ya fi ramin buƙatar shiri. Haka kuma ba duk mahaƙa ce ɗaya ba. Ta Zipaquira a Kolombiya tana cikin tsauni, garin yana kan tsayin fiye da mita 2,600, kuma ban ba mai sikila shawarar zuwa can ba.

A Wieliczka abokan gābarsa uku ne: sanyi, ƙishirwa da gajiya. Zafin wurin digiri 17 zuwa 18 ne rani da damina, kamar sanyin asubahin hunturu a Bauchi, sai dai wannan rana ba ta fitowa ta kore shi. Yaro zai yi gumi a matakala, sannan a tsaya sauraron bayani, gumin ya huce a jikinsa. Sanyi na tsuke ƙananan jijiyoyin jini, rashin ruwa na sa jini kauri, sai ƙwayoyin da suka lanƙwashe su toshe hanya, ciwon ƙashi ya tashi. A sa masa singileti, riga mai dogon hannu, suwaita, safa da hula, yadda zai iya cirewa ya mayar. Ya riƙe gorar ruwa ta lita ɗaya yana kurɓa duk minti 15, ko bai ji ƙishi ba. Fitsarinsa ne ma'auni: in ya yi ja, ruwa bai isa ba.

Kada a kai shi washegarin sauka daga jirgi, a ba shi kwana biyu ya huta. Ya ci gaba da folik asid, da hydroxyurea in yana sha. Ka riƙe farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, duk awa 6, da takardar likitansa da Turanci mai nuna ciwonsa, yawan jininsa na yau da kullum da magungunansa. Takardar ta zama dole in akwai mai ƙarfi irin su kodin ko tiramadol, don ƙasashe na sa ido a kansu. Kafin barin gida a auna jininsa, kuma in ciwo ya tashi masa cikin kwana 10 kafin tafiya, a ɗaga. Zazzaɓin digiri 38, ciwon ƙirji, numfashi da sauri, idanu su ƙara rawaya, ko kumburi a hagun ciki, waɗannan na asibiti ne nan take. Lambar gaggawa a Poland 112 ce. Ku kuma gaya wa likitocin can daga ƙasar zazzaɓin cizon sauro kuka fito, don su gwada.

Tambaya: Ina da ciwon suga da ciwon gwiwa. In haƙura ne? Daga wata 'yar kasuwa, Kumo.

Amsa: 'Yar'uwa, ba lallai ki haƙura ba. Saukar matakala ta fi hawa cin gwiwa, domin kowane taku nauyin jiki ninki uku ko fiye yake sauka a kanta. Ki kama ƙarfen gefe, ki fara sa ƙafar da ke ciwo a ƙasa sannan mai lafiyar ta biyo, ki tsaya a ƙarshen layi don kada a matsa miki. Farasitamol giram 1 awa guda kafin shiga zai taimaka. Diclofenac da ibuprofen kuwa ki guje su in kina da gyambon ciki, hawan jini ko matsalar ƙoda. In gwiwar na kumbura ko tana sarewa, ki tuntuɓi hukumar mahaƙar tun da wuri, suna da gajeriyar hanya ta masu lalurar tafiya da ake sauka da lif, amma sai an nema kafin ranar.

Suga kuwa faɗuwa ake tsoro, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide. Ki karya kumallo sosai, ki auna kafin sauka. In ya gaza 100 a ma'aunin miligiram, wato 5.5 a ɗaya ma'aunin, ki ci wani abu. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa da ganin dishi-dishi na nufin ya faɗi: ki tsotsi sukari ƙwaya 4 ko ki sha rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ki jira minti 15, ki sake aunawa. Insulin a jakar hannu ake sa shi, domin a ɗakin kayan jirgi yana iya daskarewa ya lalace. Agogon Poland daidai yake da namu lokacin sanyinsu, awa ɗaya yake gaba a bazararsu, don haka lokutan maganinki ba za su rikice ba. Ki sa rufaffen takalmi da kika saba da shi. Sabon takalmi na fitar da bororo, mai suga kuma ba lallai ta ji zafinsa ba, sai ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da dare.

Tambaya: Cikina wata biyar, kuma ina tsoron matsattsen wuri. Daga wata amarya, Dukku.

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya. Tsakanin mako 14 da 28 ne lokacin da ya fi dacewa da tafiya, muddin babu zubar jini, hawan jini ko tarihin naƙuda kafin lokaci. Hanyoyin masu yawon buɗe ido na da haske da faɗi, wasu ɗakunan ma manya ne ƙwarai. Wurin matsi shi ne lif ɗin fitowa, kejin ma'aikata ne da ake cika shi da mutane, amma tafiyar gajeriya ce. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi ta baki kina ƙirga 6. Kada ki sha maganin kwantar da hankali da ciki ba da izinin likitanki ba. Akwai wata hanya daban da ake sa wa mutum hular kwano da fitila ya bi sahun ma'aikata, wannan ba taki ba ce.

Tambaya: Ina zuwa Pakistan saro kaya, zan leƙa mahaƙar Khewra. An ce jan gishirinsu ba ya tayar da jini, in sayo wa iyali buhu? Daga wani Alhaji, Misau.

Amsa: Alhaji, ziyarar Khewra ta fi sauƙi ga gwiwa, don ta gefen dutse ake shiga, a ƙafa ko a ɗan jirgin ƙasa na lantarki, har akwai ƙaramin masallaci da aka gina da tubalin gishiri. Ciki digiri 18 zuwa 20 ne, waje kuwa da bazara yakan wuce 40, saboda haka ka riƙe ruwa da riga mai kauri. Agogonsu na gaban namu da awa 4, mai maganin da ake sha kan lokaci ya tsara da likitansa.

Jan gishirin kuwa, kusan kashi 98 cikin 100 nasa sinadari ɗaya ne da gishirin kicin ɗinka, kuma yana tayar da jini daidai da shi. Jan launin daga ɗan burbushin ƙarfe ne da bai kai ya ƙara wa kowa jini ba. Babbar illarsa ita ce yawanci ba a sa masa aidin, kamar dai gishirin Bilma da ayari ke kawowa. Gidan da ya bar gishirin leda mai aidin ya koma wannan kaɗai yana jawo wa kansa maƙoƙo, kuma rashin aidin ga mai ciki na taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Ka sayo ɗan kaɗan na tsaraba in kana so, amma tukunyar gida ta ci gaba da mai aidin, a ajiye shi a rufaffen mazubi nesa da murhu, don zafi da danshi na rage aidin ɗin.