Takardar gwajin babur ba ta leƙa cikin inji

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan babur na hannu suke, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Malam, dillali ya nuna mini babur tare da takardar gwajin lafiyarsa ta wata huɗu da suka wuce. Ya ce tunda ya ci gwaji ba sai na kira makaniki ba. In biya?

Amsa: Dakata tukuna, ɗan'uwa. Takardar nan shaidar rana ɗaya ce, ranar da aka yi gwajin. Abin da mai gwaji yake dubawa shi ne ko babur zai hau titi ba tare da ya jawo haɗari ba: birki, fitilu, oda, taya, kan babur, shokazoba, da ko akwai tsagewa a jikin ƙarfen. Ba ya kwance inji, ba ya buɗe kuloci ko giya. Babur zai iya cin gwaji da safe, injinsa ya buga da yamma, kuma ba wanda ya yi maka ƙarya. Balle wata huɗu, lokacin da ya isa a cinye taya, a kuma sauya duk abin da aka ga dama.

Ka ce wa mai shi kada ya tayar da shi kafin ka iso. Da zuwanka ka ɗora bayan hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, domin inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da yake yi da sanyi. Tayar da shi da kanka, ka koma baya ka kalli salansa. Hayaƙi shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai, galibi ringi ne ya cinye. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, sau da yawa gyaran kafireta ko matatar iska ya wadatar. Ciro sandar auna mai ka murza man da ke jikinta a yatsa. In ya yi kauri fiye da kima, wataƙila an zuba shi ne don ya danne ƙarar inji, in kuma ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, yi sallama ka tafi. Kafin duk wannan ma, ka gwada lambar shasi da lambar inji da abin da ke rubuce a takardu, harafi da harafi. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa ba abin ciniki ba ce ko da kyauta aka ba ka.

Tambaya: Babur ɗin yana sheƙi kamar sabo, kuma mitarsa ta nuna bai yi tafiya sosai ba. Ai wannan ya isa ko?

Amsa: Haba Malam! Fenti kake saye ko babur? Mita ana cire wayarta, ana ma sauya ta gaba ɗaya. Dubi robar matakin ƙafa da ta hannu, da haƙoran da sarƙa ke hawa. In haƙoran sun yi tsini sun karkata gefe guda, babur ya sha tafiya, komai mita ta ce.

Tambaya: Ɗana ya tara kuɗi ya sayi babur na hannu don neman abinci. Tun da ya fara fita ba na iya barci. Ban san komai game da babur ba, me zan ce masa ya duba?

Amsa: Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, kin yi tambayar da ta dace, kuma abin da ya fi muhimmanci ba mai tsada ba ne. Ki ce masa ya ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, a danne baya har tayar gaba ta ɗaga, ya juya kan babur dama da hagu a hankali. In yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya tafi. Ya duba ƙarafunan shokazobar gaba, in akwai danshin mai to robar da ke tare man ta fashe, kuma man nan yana iya gangarowa kan birki. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. A gefen taya akwai lambobi huɗu a jere, misali 2319, wato an yi tayar a mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara 5 ko 6 ta fara bushewa ko da zanenta yana nan. Batir kuma a auna shi: kusan bolt 12.6 in inji a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 in yana aiki.

Sai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon ki karanta masa wannan sau biyu: kayan gyara na jabu, musamman takalmin birki. Mai sayar da babur yakan sa mafi araha don birki ya kama ranar gwaji da ranar ciniki. Na taɓa riƙe irinsa a hannuna bayan makaniki ya kwance tayar baya. Fatar da ke kama birkin ta ɓare daga jikin ƙarfen kamar ɓawon itace, gam ɗin ya ƙone ya zama gari, alhali bai yi wata biyu ba. Da a kan gangara ta ɓare da kaya a baya, ƙarfe ne zai goga ƙarfe, ko tayar ta ƙulle nan take. Mai gwaji ba zai ga wannan ba, domin ranar yana kamawa sarai. Abin da ke ba ni takaici shi ne matasanmu za su kashe kuɗi a kan fitilu masu launi da sitika, amma in an zo birki sai a ce a kawo mai sauƙi. Haka fulogi, haka baƙin mai: kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, abin ciki daban. Jabun mai ba ya nuna kansa sai ya gama cinye inji, sannan a ce babur ɗin ne ba shi da kyau.

Don haka kafin ya sake fita, a kwance birki gaba da baya a gabansa, a sa sabon takalmi daga wurin wanda zai iya komawa in an samu matsala, a juye man inji a zuba wanda ya ga an ɓalle murfinsa da idonsa. In birkin gaba na ruwa ne, a sauya ruwan, domin duk shekara 2 ake so a sauya shi kuma da wuya tsohon mai shi ya taɓa yi. Hular kwano kuma ki tsaya a kai, kada ya fita sai ya ɗaure igiyarta a haɓa. Allah ya tsare miki shi, ya sa albarka a neman.