Dizain ɗin da na zana da daddare, nawa ne ko na kamfani?

Salam Barista, Allah ya ƙara basira. Ni mai dizain ne a kwamfuta, shekara huɗu ina yi a nan Kano, logo, fosta, katin biki da ɗan haɗa bidiyon talla. To wani kamfanin manhajar tura kuɗi a Legas sun ɗauke ni aiki, daga gida zan riƙa yi, albashin ma ba laifi. Amma takardar da suka turo ce ta ɗaure min kai, wai duk abin da na ƙirƙira muddin ina ma'aikacinsu nasu ne, kuma in na bar su ba zan yi wa wani kamfanin fasaha aiki ba a duk Afirka sai bayan shekara 3, sannan wata shidan farko ɗan kwangila ne ni ba ma'aikaci ba. Sun ce in sa hannu kafin Juma'a. Ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Kar ka sa hannu tukuna, Juma'ar nan ba hukuncin kotu ba ce, kuma kamfanin da zai fasa ɗaukarka don ka nemi kwana uku ka karanta takarda dama can ba wurin zama ba ne.

Bari in fara da batun mallaka don shi ne zai fi cin ka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, sashe na 28 cewa ya yi wanda ya ƙirƙiri abu shi ne mai shi tun farko, sai dai in an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Kaga a Najeriya ba kamar Amurka da Ingila ba ne, inda abin da ma'aikaci ya yi a bakin aiki ke zama na ubangidansa kai tsaye. A nan doka ta fara ba ka, takarda ce take ƙwacewa, shi ya sa suka rubuto wannan layin, lauyansu ya san me yake yi. Bidiyo ne kawai hukuncinsa ya bambanta, wanda ya shirya yin bidiyon ya ɗau ɗawainiyarsa shi doka ke kallo a matsayin mai shi, wato kamfanin kenan a mafi yawan lokuta.

Ni dai ban ga laifinsu ba in sun ce logo da fuskar manhaja da tallan da suka biya ka albashi ka yi nasu ne, kowane kamfani haka zai ce, masu zuba musu jari ma sai sun tambayi wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "duk abin da ka ƙirƙira". Wannan fa ta haɗa da katin bikin da ka yi wa 'yar ƙanwar mamanka ƙarfe sha ɗayan dare a laftof ɗinka, da logon mai shagon atamfa a Kantin Kwari da ka riga ka karɓi kuɗinsa, kaga ka sayar wa mutum abin da a takarda ba naka ba ne, ranar da rigima ta tashi kai ne a tsakiya. Abin da za ka nema su gyara: mallakarsu ta tsaya kan aikin da suka sa ka, a lokacin aikinsu ko da kayan aikinsu. Sannan ka rubuta jerin tsofaffin ayyukanka na shekara huɗun nan a maƙala a bayan takardar a ce waɗannan ba sa ciki. Kuma don Allah kar ka yi aikin kastomominka da laftof ɗin ofis ko da lasisin manhajojin zane irin su Adobe ko Figma da suka biya, nan ne mutane ke ba da kansu.

Akwai abin da baka tambaya ba amma ya kamata ka nema, izinin nuna aikin. Mai dizain da ba shi da abin nunawa a Behance (shafin da masu dizain ke baje ayyukansu) ko Instagram kamar tela ne da bai taɓa rataye ɗinki a shago ba. In mallaka ta koma gare su, ɗora aikin a shafinka ba izini zai iya zama keta haƙƙi, in ma ba a fitar da shi ba tukuna a ƙara maka da tona sirrin kamfani. Layi ɗaya ya isa, cewa kana da damar nuna aikin bayan sun fitar da shi ga jama'a. Sashe na 14 na dokar haƙƙin mallakar ya bar maka haƙƙin a san kai ka yi aikin da ƙin yarda a lalata shi yadda zai zubar maka da mutunci, amma wannan ba lasisin ɗorawa ba ne, kar ka haɗa su.

Batun shekara 3 kuwa, gaskiya sun zarce. Kotunanmu ba sa jefar da irin wannan sharaɗi gaba ɗaya, suna duba ko akwai hankali a cikinsa. A shari'ar Koumoulis da Leventis Motors ta 1973 Kotun Ƙoli ta amince da hani na shekara ɗaya a cikin mil 50, kuma mutumin, wato Koumoulis, manaja ne da ya san kastomomi da sirrin cinikinsu. Dokar gasar kasuwanci da kare masu sayen kaya ta 2018 ma iyakar da ta lamunta shekara 2 ce. To kai mai dizain, shekara 3, nahiya guda, kowane kamfanin fasaha? Ina ganin da wuya ya tsaya a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Amma kar ka ce ai ba zai yi aiki ba bari in sa hannu kawai, don wasiƙar lauya ɗaya in suka aika wa sabon wurin aikinka sai a ce maka ka ɗan dakata, kai kuma kana da haya da cefane, shari'a ba a kwana biyu take ƙarewa ba. Tun ran gini ran zane. Ka nemi a mayar da shi wata shida, kuma a taƙaita shi ga kamfanonin tura kuɗi a Najeriya kaɗai.

Ɗan kwangila na wata shida, wannan yawanci dabarar kauce wa fansho ce da sallama ba sanarwa. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10, kai a cire kashi 8 a naka. Kotu dai ba sunan da aka sa maka take bi ba, tana duba wa ke tsara maka lokaci, wa ya ba ka kayan aiki, albashi kake karɓa duk wata ko kuɗin aiki. In da gaske ɗan kwangila ne kai, ai bai kamata su hana ka aikin waje ba, su zaɓi ɗaya. Kuma ka tabbata an rubuta kwanakin sanarwar sallama ƙarara, domin Dokar Ƙwadago ta cire masu aikin ƙwarewa daga ma'anar ma'aikacin da take karewa, takardarka ce za ta yi maka magana.

Ka tura musu imel yau, cikin ladabi, ka gode, ka jero gyare-gyaren nan huɗu. In wani ya kira ka a waya ya ce haba kar ka damu ba ma amfani da wannan layin, ka ce to ranka ya daɗe tunda ba a amfani da shi a goge shi. Duk abin da suka amince ya shiga cikin takardar kanta ba saƙon WhatsApp ba, ka ajiye kwafin da su ma suka sa wa hannu a imel ɗinka na kanka, ba na ofis ba, don ranar da ka bar aiki shi suke fara rufewa.