Tambaya da Amsa: Ɗana yau dama, gobe hagu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana ɗan shekara 3 ya ɗaure mini kai. In na miƙa masa ƙosai sai ya karɓa da hagu, an jima kuma ya ɗauki kofi da dama. Kakarsa ta ce bahago zai zama, har buge masa hannu take yi. Haka ne?
Wata uwa, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki fara lura da ɓangaren da kike tsayawa in za ki miƙa masa ƙosan. Ko mu manya, abin da ke hagunmu sau da yawa da hagu muke jawo shi, don ƙwaƙwalwa kan auna nisa da wahala tun hannu bai motsa ba. Dubi mai shayi a Gawon Nama: gwangwanin madara na hagunsa, da hagu zai ɗauko, amma in aka zo yankan burodi wuƙa sai a dama. Aikin da ke son saiti shi ke nuna hannun mutum na gaskiya.

Don haka ki zaunar da shi kan tabarma, ki ajiye dabino daidai tsakiyar gabansa, ki yi shiru ki gani. Ki maimaita na 'yan kwanaki, ki gwada da cokali da fensir. Yara da yawa sai sun kai shekara 4 zuwa 6 suke tsayawa kan hannu ɗaya.

In ma bahagon ne, ba sakacinki ba ne. Kusan mutum 1 cikin 10 haka Allah ya yi shi, kuma abin tun daga ciki yake somawa: a hoton ciki an ga yawancin 'yan tayi babban yatsan dama suke tsotsa, kaɗan na hagu.

Kakarsa tana da gaskiya kan ci da dama, sunna ce. Dukan ne ban yarda da shi ba. Manzon Allah (SAW) da baki ya koya wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro. Ki riƙa ajiye masa kwanon tuwo ta dama, kina miƙo abu ta nan. Rubutu kuwa ku bar shi da hannun da ya zaɓa.

Amma in kin ga hannu ɗaya kullum a dunƙule, ba ya miƙa shi ko abu na gab da shi, kada ki jira, ki kai shi wurin likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.