Amsa ga mai tambayar ɗaukar nauyin yara a makarantar kuɗi

Hajiya, kin ce ƙungiyarku ta tara kuɗi, kuna so ku saka 'ya'yan marasa ƙarfi ashirin a makarantar kuɗi, kina tambayar ta ina za ku fara.

Ku fara lissafa shekaru tukuna. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare sai an biya masa zango 18 kafin ya gama, na ƙaramar sakandare kuma zango 9, ga shi kusan duk shekara sai an yi ƙari. In kuɗinku na yara ashirin ne na shekara ɗaya tak, gara ku ɗauki uku ku kai su ƙarshen firamare, ko biyar ku kai su ƙarshen ƙaramar sakandare. Nan yawancin irin wannan tallafi ke mutuwa: a yi biki a ɗauki hoto, zango na huɗu a koro yaro gida don ba a biya ba.

Kuma kuɗin zango ba shi kaɗai ba ne. Akwai inifom, littattafai, kuɗin PTA, kuɗin tara, sai rajistar BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, a aji uku da WAEC ko NECO a ajin ƙarshe. Makarantar ta zama wadda yaro zai je da ƙafa. Kuɗin adaidaita kullum ya isa ya sa uwa ta ajiye shi a gida. Ku nemi ganin takardar amincewar ma'aikatar ilimi, in sakandare ce ku tambayi lambarta ta cibiyar jarrabawa.

Wajen zaɓe, mai unguwa da liman su ba da sunaye, amma mutum biyu daga cikinku su taka har gidan. In ba haka ba, 'ya'yan 'yan kwamiti ne za su cike gurbin. In mabukata sun yi yawa, a jefa ƙuri'a a gaban kowa. Haka ƙungiyar tallafin karatu ta Children's Scholarship Fund da ke Amurka, wadda aka kafa a 1998, ta yi da masu nema sama da miliyan ɗaya suka yi rububin gurbi 40,000. Ba ta kuma biya duka, iyaye na cika wani kaso. Wannan na da kyau, ko inifom ne a bar wa uba, sai dai maraya a ɗauke masa komai.

Kuɗi kada ya bi ta hannun kowa. A tura asusun makaranta da sunan yaron, a karɓi rasit, kuma kada a biya sabon zango sai an ga sakamakon jarrabawa da rajistar zuwansa na zangon baya.