Hukuncin ɗora karkiya a wuyan san da ke da miki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Ina da shanun huɗa biyu, da su nake aikin gonata, kuma nake yi wa mutane huɗa su biya ni. Tun da rani na karɓi kuɗin mutum huɗu na sayi dusa da harawa. Yanzu ruwa ya zauna, sai karkiya ta ci wuyan ɗayansu, ya yi miki a gaban tozo har ƙuda na bi. Baƙin mai nake shafa masa in ɗaura shi haka. In ya tirje, yaron da ke kora ya zabga masa tsumagiya ko ya murɗe masa wutsiya. Mai ɗakina ta ce alhakinsa zai kama ni, ga kuma alkawarin mutane a kaina. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, mai ɗakinka ta faɗa maka gaskiya, Allah Ya saka mata.

Huɗa da shanu halal ce, babu saɓani. A Suratun Nahli, aya ta 5 zuwa ta 7, Allah Ya lissafa amfanin dabbobin ni'ima cikin baiwar da Ya yi mana, har da ɗaukar mana kaya masu nauyi. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira labarin saniyar da wani ya hau, ta ce ba don haka aka halicce su ba, don noma aka halicce su. To amma izinin aiki daban, izinin azabtarwa daban, na biyun ba a ba kowa ba.

Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Ja'afar (hadisi na 2549) cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gonar wani mutumin Madina, sai wani raƙumi ya gan shi ya yi kuka, idanunsa na zubar da hawaye. Ya shafa shi har ya natsu, sannan ya nemi mai shi ya ce masa: shin ba za ka ji tsoron Allah ba game da wannan dabba da Ya mallaka maka? Ya kawo mini ƙara cewa kana barin sa da yunwa, kana gajiyar da shi. Ka lura, mutumin nan ba yanka raƙumin ya yi ba, ba ƙona shi ya yi ba. Yunwa ce da yawan aiki kawai, abin da mu a karkara ba ma ko ɗauka laifi ne. Ina ga itacen da ke gurzar ɗanyen nama tun daga hantsi har azahar, kunya bayan kunya?

Malamanmu na Malikiyya ba su bar maganar a wa'azi ba, sun sa ta cikin hukunci. Shehu Halil a Muhtasar, babin ciyarwa, ya ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu wurin kiwo, in ya ƙi a sayar da ita, haka kuma in yana ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Masu sharhi suka ce wannan na biyun sai in abin ya maimaitu. Wato alƙali na da ikon raba mutum da dabbarsa saboda irin abin da kake tambaya a kai.

Don haka, matuƙar karkiya a kan mikin take zama, haramun ne ka ɗaura shi, sai ya warke. In ciwon ɗan ƙujewa ne a gefe, aka naɗe karkiyar da tsumma mai laushi ta daina taɓa wurin, kuma san yana tafiya ba tirjiya, babu laifi a yi aiki kaɗan da sanyin safiya. Tirjiyar da ka ambata kuwa ita ce shaida a kanka, domin san da ya saba garma ba ya tsayawa haka kawai. Dukan da fiƙihu ya yi rangwame a kai shi ne ɗan taɓawa don dabba ta miƙe hanya. Dukan mai ciwo don ya manta ciwonsa zalunci ne, murɗe wutsiya ma haka, fuska kuwa Muslim ya ruwaito daga Jabir an hana dukanta da yi mata lalas. Kada ka ce ai yaro ne ya yi, kai ka ba shi tsumagiyar, kana riƙe da garma kana kallo.

Saura haƙƙin mutanen nan huɗu, kuma shi ma ba abin wasa ba ne, don huɗa in ta wuce lokacinta an cuci mai gona. Sai dai abin da suka biya kuɗi a kai shi ne a huɗe musu gona, ba su ce lallai sai da wannan san ba. Ka nemi aro ko hayar wani ka haɗa da lafiyayyen naka, ko ka haɗa gwiwa da maƙwabcin da ke da guda ku raba abin da aka samu. In hakan ta faskara, ka je musu da kanka tun yau, wanda zai iya jira ya jira, wanda ba zai iya ba ka mayar masa da kuɗinsa ko ku yi yarjejeniyar lokacin biya. Na san kuɗin sun riga sun shiga cikin shanun, kuma akwai nauyi a fuskanci mutum da irin wannan magana, amma bashi ana biyan sa daga baya.

Baƙin mai kuma ka bar shi, dattin inji ne, korar ƙuda kawai yake yi. Ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, ka kira malamin dabbobi ya duba tun kafin tsutsa ta shiga. Idan ka ga gara ka kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka canza wani, ya halatta, da sharaɗin ka nuna wa dillali da mai saye mikin, kada a shafe shi da toka a ɓoye. In an yi masa allura kuma mahauci ne zai saya, ka gaya masa ranar da aka yi, domin akwai kwanakin da ake jira kafin a ci naman.

Allah ne mafi sani.