Tambaya da Amsa: Kwamfutar injina ta ƙone, yaya zan tayar da manhajar a kan sabuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da injin CNC na yankan farantin ƙarfe a shagona da ke Sabon Garin Zariya, da shi nake fitar da adon ƙofofi da get. Kwamfutar da ke tuƙa shi ta ƙone, amma faifan ajiyarta ya tsira. Wanda ya haɗa min injin ya bar folda mai ɗauke da tushen (wato ainihin rubutun da ake gina manhaja daga gare shi) manhajar tuƙa inji ta LinuxCNC 2.7 da 'yan gyare-gyarensa. Na kwafe ta zuwa sabuwar kwamfuta mai Debian 12, ta ƙi tashi. Ina mafita? Daga wani mai walda, Sabon Gari.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ai ba za ta tashi ba. Abin da aka gina a tsohuwar kwamfuta ɗaure yake da zuciyar tsarin waccan kwamfutar da ɗakunan manhajojinta. Ga kuma babban cikas: 2.7 da harshen rubuta manhaja na Python 2 take aiki, shi kuwa an daina kula da shi tun Janairun 2020, Debian 12 ma ba ta ɗauke da shi. Kada ka ɓata dare kana lallaɓa 2.7. Koma 2.9, wadda ke kan Python 3.

Kafin komai, kwafi foldar linuxcnc/configs daga tsohon faifan zuwa filashi biyu. A can fayilolin saitin injinka, wato .ini da .hal, da teburin kayan yanka suke. Manhaja ko yaushe ana sake sauke ta, amma lambobin injinka babu su a ko'ina sai nan.

Sai ka gwada kwamfutar tun ba ka wahala ba. Saka linux-image-rt-amd64, wato zuciyar tsari mai aika umarni a kan lokaci, ka kashe ka kunna, ka buga uname -v. In ba ka ga PREEMPT_RT ba, tsaya nan tukuna. In ka gani, kunna latency-test, manhajar auna jinkirin kwamfuta da ke zuwa tare da LinuxCNC, ka bar shi kamar awa guda kana buɗe bidiyo kana kwafar manyan fayiloli. Jinkirin da bai kai mikrosakan 20 ba madalla ne, 30 zuwa 50 za a yi aiki amma gudu zai ragu. Ya kai 100, kwamfutar ba za ta iya aika taku (siginar da ke motsa injin kaɗan-kaɗan) ta kafar firinta ba: motar da ke juya injin za ta riƙa ɓatar da taku, da'ira ta fito kamar ƙwai. Kashe tsare-tsaren tsimin wuta a BIOS kan rage lambar. Laftof dai, a shawararmu, a bar ta a ofis.

Yanzu duba me maginin ya taɓa. Kwatanta foldarsa da tsantsar 2.7 ta hanyar diff -r. Sau da yawa za ka tarar 'yan fayiloli ne masu ƙarewa da .comp, misali na daidaita tsayin bakin wutar yanka. In haka ne ka huta: saka linuxcnc-uspace da linuxcnc-uspace-dev daga Debian, ka gina kowane da sudo halcompile --install. In kuwa ya shiga cikin manhajar kanta, to sai gini daga tushe.

Sauko da tushen daga GitHub, ka koma reshen 2.9, ka mayar da gyaran nasa da hannu, layi-layi. Buga debian/configure, sannan dpkg-checkbuilddeps, zai lissafa maka abin da babu. Suna da yawa, ka tanadi data da wutar da ba za ta yanke ba. Shiga src ka bi wannan jeri: ./autogen.sh, sai ./configure --with-realtime=uspace, sai make, sai sudo make setuid. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, kuma in babu shi manhajar za ta buɗe amma ba ta da izinin taɓa kafar injin. Idan make ya tsaya, kuskuren farko za ka karanta, na ƙasa 'ya'yansa ne. Kowace sabuwar tagar buga umarni kuma sai ka buga source scripts/rip-environment daga babbar foldar tushen.

Saura inda aka fi tuntuɓe. Tun daga 2.8 an raba gaɓoɓin inji da layukan tafiyarsa, don haka axis.0 na cikin .hal ya koma joint.0. Manhajar kan nemi ta juya maka tsohon tsarin da update_ini. Yarda, amma ka karanta abin da ta fitar, musamman fayilolin da aka rubuta da hannu. Adireshin kafar firinta ma yana iya canzawa: 0x378 na wadda ke jikin allon kwamfuta ne, na katin PCI sai ka nemo da lspci -v. Wayar nan mai juya USB zuwa kafar firinta ba ta wannan aiki, kada a sayar maka. In babu kafar sam, katin Mesa 7i96 mai bin wayar sadarwa ya wadatar.

Ranar gwaji, cire wutar bakin yanka, ka fara da maɓallin tsayawar gaggawa da makunnan iyaka. Sannan ka umarci X ya tafi milimita 100, ka auna da ruler ƙarfe. Mota mai taku 200, da direba (na'urar da ke sarrafa motar) ya raba kowane taku gida 8, a kan sukurin da ke tafiya milimita 5 a juyi ɗaya, SCALE ɗinta (yawan taku a milimita ɗaya) 320 ne. In ya tafi 50 ko 200, duba 'yan makunnan jikin direba. Yankan farko kuma a kan guntun faranti, ba na kwastoma ba.